Tambayi Injiniya: Tsohon Dam Ɗinmu Yana Naso, Ga Kuma Gidaje A Ƙasansa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato ƙananan madatsun ruwa na ƙasa da suka kwana biyu. Na zaɓi huɗu. Ta farko ta fi cin wuri domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Injiniya, ni ne sakataren ƙungiyar ci-gaban garinmu. Muna da wani ƙaramin dam na ƙasa da aka gina tun zamanin Gwamna Audu Bako domin shayar da dabbobi. Tsawon bangonsa zai kai mita 250, tsayinsa a tsakiya kamar mita 7. Yanzu ya zama wurin shaƙatawa. Da sallah cika yake yi maƙil, akwai kwalekwalen haya, ga masu shayi da masu gasa kifi a inuwar darbejiya da turare da muka dasa a kan bangon. Mun zuba 'ya'yan kifi, muka kuma sa ragar waya a bakin hanyar da ruwa ke fita in ya cika, don kada kifin ya gudu. Abin da ya dame mu shi ne wani wuri a bayan bangon, can gindi, wanda ba ya bushewa ko da bazara, har kachala ta fito. Wasu dattawa sun ce haka yake tun suna yara, wasu sun ce ya ƙaru. Akwai kuma suri biyu a jikin bangon. Gidaje wajen 40 ne a ƙasa da dam ɗin. Akwai haɗari? Me za mu iya yi da ɗan abin da ke hannunmu?
Daga sakataren wata ƙungiya, kudancin jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Naso ka tambaye ni, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne wanda ka faɗa a wuce: ragar wayar nan. Ku cire ta. Ba sai kun jira injiniya ba, ba sai an kira taro ba, filaya da samari biyu sun isa.

Ga dalili. Bangon ƙasa yana iya tare ruwa shekara da shekaru muddin ruwan yana gabansa. Ranar da ya haye doro, wato saman bangon, ya gangara ta baya, sa'o'i kaɗan sun isa a rasa dam ɗin. Yakan fara yanka ɗan kwararo a bayan bango, ya yi ta cin ƙasa yana komowa sama har ya iso doro, daga nan tafkin gaba ɗaya ya bi giɓin. Shi ya sa maginan suka bar mafita a gefe, ƙasa da doro, domin rarar ruwa ta wuce ta can. Da rani raga ba ta tare komai, shi ya sa ba wanda ke ganin laifinta. Amma ruwa mai ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai. Da kara yake zuwa, da leda, da ciyawa, da rassan itace, su manne a jikin waya, kafin a ankara raga ta zama katanga.

Mu yi ɗan lissafi ka ga girman abin. A ce filin da ke gangaro wa dam ɗinku ruwa ya kai murabba'in kilomita 10, wanda ba wani yawa ba ne. In aka kwana ana ruwa har ya kai milimita 100, abin da marka kan yi a wasu shekaru, ruwan da ya sauka a wannan fili ya kai kubik mita miliyan 1. Ko kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya gangaro, kun sami sama da kubik mita 300,000, wato cikin tankar mai mai lita 33,000 sama da 9,000. Tafkin da ya riga ya cika a watan Agusta ba shi da inda zai kai wannan ruwa sai mafita. In ta toshe, doro zai bi.

Ba ku kuka fara wannan dabara ta raga ba. A jihar Fensilbaniya ta Amurka akwai wani tsohon dam na ƙasa mai suna South Fork, wanda gwamnati ta gina domin ba hanyar jiragen ruwa ruwa, daga baya aka yi watsi da shi. Sai wata ƙungiyar attajirai ta karɓe shi domin kamun kifi da shan iska, cikin 'ya'yanta har da Andrew Carnegie mai masana'antar ƙarfe. Suka rage tsayin doro don ya yi faɗin da kekunan doki za su wuce, suka zuba kifi, suka gitta raga a mafita kada ya tsere. Bututan rage ruwa kuwa an riga an cire su an sayar, ba su mayar ba. Ranar 31 ga Mayu 1889, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya haye, dam ya ɓalle. Cikin kimanin awa ɗaya ambaliyar ta isa garin Johnstown, kilomita 23 a ƙasa, ta kashe mutum sama da 2,200.

Za ka ce ai wancan babba ne, naku ɗan ƙarami. To ga dam ɗin Kelly Barnes a jihar Jojiya ta Amurka, tsayinsa kimanin mita 12 kacal. An daina samar da wutar lantarki da shi, ya zama wurin shaƙatawa, itatuwa suka tsiro a jikinsa. Ya fashe da tsakar dare ranar 6 ga Nuwamba 1977, mutum 39 suka mutu a harabar wata kwaleji da ke ƙasansa, da yawansu yara. Bayan wannan ne shugaba Jimmy Carter ya sa injiniyoyin soja suka duba madatsu kusan 9,000 waɗanda ba na gwamnatin tarayya ba, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci. Mu nan gida ma ba sai an ba mu labari ba. Duk wanda ya yi wayo a Kano a 1988 ya san abin da ya sami dam ɗin Bagauda a watan Agustan shekarar, dam ɗin da otal ɗin gefensa ya kasance wurin shan iskar manya. Ya ɓalle bayan mamakon ruwa, ya share gonaki da gidaje, alhali bai cika shekara 20 da ginawa ba. Naku kuwa ya kai 50. Kifin da zai bi ruwa ya tafi, ku bar shi ya tafi, yaran ƙasa da dam su kama su ci. Duk kifin tafkin bai kai kuɗin gida ɗaya daga cikin arba'in ɗin nan ba.

Ku kuma bi mafitar tun daga bakinta har inda ta haɗu da rafi. A cire kachala, da juji, da bulon da wani ya jera, da ɗan lambun da wani ya kafa a ciki don ya ga danshi. Ku duba ƙarshenta kada zaizaya ta yi kwazazzabo tana cinyowa baya, ku tabbata kuma ruwan da ke fita ba ya karkatowa yana lasar gindin bangon.

Yanzu naso. Kowane dam na ƙasa yana naso, kamar yadda sabuwar randa ke tsattsafo da ruwa ta jikinta ba tare da ta fashe ba. Saboda haka dattawan da suka ce haka yake tun suna yara suna iya yin gaskiya. Waɗanda suka ce ya ƙaru su ma suna iya yin gaskiya. Gardamar majalisa ba za ta raba su ba, awo ne zai raba.

Ku share kachalar ku ga ƙasa da idonku. Ku ja ɗan kwararo mara zurfi, ɗan nesa da gindin bangon, kada ku taɓa jikinsa, ya tattara ruwan wuri guda, ku sa guntun bututu a ƙarshe. Duk ranar Juma'a mutum ɗaya ya tara bokiti, bokitin nan dai kullum, ya duba daƙiƙa nawa yake yi kafin ya cika, ya rubuta a littafi. A gefen wannan ya rubuta inda ruwan tafki yake a ranar, daga wani turken ƙarfe da za ku kafa a ruwa ku yi masa zane da fenti kowace santimita 10. In tafki ya hau naso ya ɗan ƙaru, tafki ya sauka naso ya ragu, to halinsa ke nan. In tafki yana tsaye ko yana sauka amma bokiti yana cika da wuri fiye da da, akwai hanyar da ruwa ke buɗewa a ciki. Ku kuma kafa 'yan turaku a iyakar wurin da ya jiƙe, ku ɗauki hoto da waya daga wuri guda duk wata. In danshin ya wuce turaku, musamman in ya fara hawa jikin bangon, kada ku jira Juma'a mai zuwa.

Launin ruwan ya ma fi yawansa muhimmanci. Ku ɗiba a farar kwalba ku ajiye ta kwana. In ya wayi gari garau, ruwa ne kawai ke wucewa. In kuka tarar laka ko lallausan yashi ya kwanta a gindin kwalba, to ruwan yana ɗauko jikin dam ɗin ne yana fitarwa kaɗan-kaɗan, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ramin yakan fara daga inda ruwan ke fita, ya yi ta ci yana nufar tafki, a waje kuwa bango yana nan lafiya lau da ciyawarsa, har ranar da ya huda. Dam ɗin Teton na Amurka, mai tsayin mita 93, da safiyar 5 ga Yuni 1976 aka ga ruwa mai laka yana fita daga jikinsa, kafin ƙarfe 12 na rana ya tafi. Jan abu mai yauƙi kamar tsatsa da kan taru a irin wuraren nan kuwa, sau da yawa ƙarfen cikin ƙasa ne, ba shi nake nufi ba.

Abin da mutanenmu kan yi in sun ga ruwa na ɓulɓulowa shi ne a kawo yumɓu ko siminti a danne. Kada ku kuskura. Ruwan da aka hana fita zai taru a cikin bango ya jiƙa shi, ya nemi wata kafar a sama da ta farko, garin neman gira a rasa ido. Abin da ake so shi ne ruwa ya fita, ƙasa ta tsaya. Ana shimfiɗa tsaftataccen yashi mai kauri a kan wurin, a bi shi da tsakuwa, a danne da duwatsu. In kuwa ɓulɓulowa yake yi yana tara yashi a bakinsa, a kewaye shi da buhunan yashi, ana ƙara tsayi har ruwan da ya taru a ciki ya rage masa ƙarfi ya koma garau, a bar shi yana zuba ta sama. Wannan agajin gaggawa ne kafin injiniya ya iso, ba gyara ba ne.

Itatuwan kuwa, na san maganar ba za ta yi wa masu shayi daɗi ba, amma ba a dasa itace a kan dam. Saiwar darbejiya da ta turare ruwa suke nema, ga shi kuwa a gefensu, don haka sukan ratsa bango. Muddin itacen na raye saiwar ta cike gurbinta. Ranar da ya mutu ko aka sare shi, saiwar ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya a shirye. Ga kuma iskar farkon damina, wadda kan tumɓuke turare da ƙasarsa, ta bar rami a doro daidai lokacin da tafki ya fara hawa. Inuwar ma tana kashe ciyawar da ke riƙe ƙasa. To amma kada ku tashi gobe da injin yanka ku kwantar da su duka, wannan shi ne mafi muni. Ƙanana, waɗanda kaurinsu bai wuce damtsen mutum ba, a sare su daidai ƙasa a hana su tohowa. Manyan sai da rani, ruwa ya ja baya, a cire su ɗaya bayan ɗaya har da kututture da manyan saiwoyi, a mayar da ƙasa mai yumɓu a ramin, hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Wannan aiki da injiniya a tsaye ake yin sa. In an gama a dasa ƙiri-ƙiri, a riƙa yanke ta gajera don a ga abin da ke faruwa a ƙasa. Ku dasa sababbin itatuwa a bakin tafki can gefe, a kan ƙasar Allah, ku mayar da masu shayi da masu gasa kifi can. Shaƙatawar ba za ta ragu da komai ba.

Suri ma haka. Abin da kuke gani a sama kaɗan ne a kan abin da gara ta haƙa a ƙasa, ɗakuna da hanyoyi, wasu har sun nufi danshi. Rushe kan surin aikin banza ne, cikin mako za ta sake ginawa. Da rani ake bin sa a haƙa har a iske sarauniyar, a share duk ɗakunan, a mayar da ƙasa a daɓe. In za a sa magani a yi hattara da tafki, ga kifi ga dabbobi masu sha. Ramin gafiya da na damo duk hukuncinsu ɗaya. Amma kada wani ya haƙa jikin bango da damina tafki yana cike.

Sai doron kansa. Shekara 50 na kofaton shanu da tayar babur sukan lotsa shi, kuma tsayin dam shi ne tsayin wurin da ya fi lotsawa. Ku ari tiyon awo wurin magina, ku auna tazarar da ke tsakanin ƙasan mafita da wuri mafi ƙasa a doro. Ga dam irin naku ni ba na yarda da ƙasa da mita 1, in ya kai mita ɗaya da rabi hankalina ya fi kwanciya. A hana tifa da tarakta hawa. Ku duba tsaga. Wadda ta bi tsawon bango tana nuna wani ɓangare yana son zamewa, musamman in gefe ɗaya ya yi ƙasa da ɗaya ko kuka ga ƙasa ta kumburo a gindi. Wadda ta gitta daga gaba zuwa baya ta fi haɗari, domin hanya ce miƙaƙƙiya da ruwa zai bi in tafki ya kai ta. In akwai bututun sakin ruwa a ƙarƙashin bangon, ku duba bakinsa na baya: ruwan da ke bin gefen bututu maimakon cikinsa mummunar alama ce. Bawul ɗin da ya shekara talatin ba a murɗa ba kuwa, kada wani ƙarfaffa ya sa masa ƙarfi. Yana iya buɗewa ya ƙi rufuwa.

Duk wannan ba ya maye gurbin idon injiniya a wurin. Ku fara gano mai dam ɗin a takarda, jiha ce ko ƙaramar hukuma ko tarayya. Ku rubuta wa ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, ku ba hukumar agajin gaggawa ta jiha da shugaban ƙaramar hukuma kwafi, wasiƙar ta bi ta hannun hakimi. Kada ku cika ta da yabo da roƙo. Ku sa hotuna, da awon bokiti, da adadin gidaje da mutanen da ke kwana a ƙasan dam ɗin. Takardar da ke ɗauke da alƙaluma ta fi wuyar ajiyewa a ƙarƙashin fayil. In za ku ɗauko injiniya da kuɗinku, ku nemi mai rajista da COREN, wato hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, wanda ya taɓa aikin dam. Gwanin ginin bene daban, mai sanin halin ƙasa da ruwa daban. In kuna karɓar kuɗin ƙofa da sallah, a ware wani kaso a rubuce domin yankan ciyawa da sharar mafita kafin a taɓa shi da sunan fenti ko kujeru.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina gaisuwa. Gidanmu yana kwari, ƙasa da wani tsohon dam. Maigidana direba ne, ba ya kwana gida kullum, ni da yara huɗu da surukata tsohuwa ne. In ana ruwa da dare ba na iya barci. Ta yaya zan san lokacin gudu ya yi?
Daga wata uwargida, jihar Katsina.

AMSA: 'Yata, rashin barcin nan naki ba tsoro ba ne na banza, amma bai kamata ki ɗauke shi ke kaɗai ba. Daga cikin ɗaki ba za ki ga komai ba, kuma in har kin ji ƙugin ruwa, lokaci ya riga ya ƙure. Abin da ke ceton mutane shi ne wani ya kasance a kan dam ɗin da tocila da waya. Ki sa maigidanki ya kai maganar wurin mai unguwa, ke kuma ki tayar da ita a islamiyya cikin mata, domin ku ne ke kwana da yaran. A raba kwana tsakanin samari daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, duk daren da ake ruwa mai ƙarfi mutum biyu su je. A shafa jan fenti a jikin wani turke, rabin mita ƙasa da doro. Ruwa ya taɓa ja yana kuma hawa, a buga wa ladan ya yi shela da lasifika, ba sai an nemi izinin kowa ba. Haka in aka ga ruwa mai laka yana fita daga bayan bango yana ƙaruwa, ko ruwan tafki yana juyawa wuri guda kusa da bango kamar ana zuƙe shi, ko rami ya lotsa a doro, ko wani ɓangare ya zame. Kowanne daga cikinsu shi kaɗai ya isa a tashi mutane.

A yarda tun yanzu cewa wanda ya tayar da gari aka fita kuma dam bai fashe ba, ba za a yi masa dariya ko faɗa ba. In ba a yi wannan yarjejeniya ba, yaron da ke gadi zai tsaya yana shakka har abin ya wuce shi.

Ke kuma naki shirin: ki san tudun da za ku nufa, ki taka hanyar da rana tare da yara. A gefe ake fita, a hau tudu, ba a bin rafi a yi tsere da ruwa. Kada ki ratsa ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, yana kayar da babba balle yaro. Ki san maƙwabcin da zai ɗauki surukarki, ki gaya masa tun yau. Takardun gida da na makaranta da magungunanta su zauna a leda ɗaya kusa da ƙofa. Awaki a kwance musu igiya a bar su, kada a tsaya ja. In an yi kwana biyu ana marka kuma an ce tafki ya cika, ba abin kunya ba ne ku tafi ku kwana gidan 'yan'uwa a tudu. Mutanen Maiduguri da ruwan dam ɗin Alau ya iske ranar 10 ga Satumba 2024, da yawansu cikin dare ya same su.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, dam ɗin garinmu ya cika da laka, yanzu tun watan Maris yake ƙafewa. Muna shawarar jera buhunan ƙasa a mafitarsa don ya ƙara riƙe ruwa, wani mai tifa kuma ya ce zai yashe mana kyauta in za mu bar masa ƙasar. Wanne ya fi?
Daga wani manomin rani, jihar Maraɗi.

AMSA: Malam, na farkon kada ma ku sake zancensa. Duk taƙin da kuka ƙara wa mafita, daga rabon doro kuka cire shi. Ga kuma ɓangaren bangon na sama, wanda ya shekara da shekaru a bushe, ya tsattsage, gara da ɓera sun yi gida a ciki, shi za ku jingina wa ruwa. Masu cewa "in ruwa ya yi yawa sai mu janye buhunan" ba su taɓa tsayawa a bakin mafita da ƙarfe biyun dare ruwa yana gudu ba.

Yashewa kuwa tana da amfani, kuma lakar taki ce mai kyau ga gona. Amma mai tifa ba don Allah zai yi ba, inda ya fi masa sauƙi da inda ƙasa ta fi kuɗi zai haƙa. Lakar da ta kwanta kusa da bango ita ke like ƙasan tafki tana rage naso. In aka huda ta aka iske yashi a ƙarƙashi, ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashin dam ɗin, sai ku ga tafkin da ke kaiwa Maris ya ƙafe a Janairu. Saboda haka a haƙa can wajen da rafi ke shigowa, a ja layi da turaku nesa da bango, a sa mai tsaro, a kuma rubuta yarjejeniya gaban maigari. Ofishin injiniyoyin karkara na jiharku su nuna muku iyakar nisa da zurfi. Masu buga tubali su ma a hana su ɗibar ƙasa a gindin bango, gaba ko baya.

In aikin zai sa ku rage ruwa da inji ko da bututu, a yi a hankali. Bangon da ya sha ruwa, in aka janye tafki daga gabansa farat ɗaya, fuskarsa ta ciki kan zame. In ba gaggawar ceton dam ake yi ba, ni ba na wuce santimita 15 a rana.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 11 kullum yana wanka a dam, yanzu yana fitsari da jini a ƙarshe. Abokansa sun ce alamar girma ce.
Daga wani mahaifi, Bauchi.

AMSA: Alhaji, ba girma ba ne. Da alama tsargiya ce, ana ɗaukar ta a ruwa mai kwanciya inda ƙananan dodon koɗi ke zama, ƙwayar ta shiga ta fata ko mutum bai sha ruwan ba. Ni ba likita ba ne, ka kai shi asibiti a gwada fitsarinsa. Akwai maganinta, firazikwantel, wanda ake bayarwa gwargwadon nauyin yaro ko tsayinsa, don haka kada a saya a kemis a ba shi da ka. Abokan nasa ma a duba su. In ya koma ruwan zai sake ɗauka. Ka kuma ja masa kunne kan wanka kusa da bango da bakin mafita: gangaren wurin yana da santsi, zurfin yana zuwa farat ɗaya, laka kuma tana riƙe ƙafa.